Wasan Da Kowa Ya Fito Neman Faɗuwa

Ciyaman maci amana ne, kuma ba zan nemo masa wata kalma mai laushi ba. An damƙa masa ƙungiyar da mutane suka gina da guminsu, ya mayar da ita allon tallar katifa. Da hakan bai ishe shi ba, sai ya zauna ya koya wa 'ya'yan mutane yadda ake faɗuwa da gangan.

Kafin zuwansa sunan ƙungiyar 'Yan Masaƙa. Ma'aikatan masaƙar garin ne suka kafa ta. Sukan tashi daga aiki da burbushin auduga a gashi, su wuce bayan sito su yi ƙwallon kwando har ƙafa ta gaji. A haka ta girma, ta shiga gasar ƙwararru, ta ɗauko kofi. A wancan zamani idan ɗan wasa ya yi wa ƙungiya hidima har ƙarfinsa ya ƙare, ana ɗaga rigarsa a rataye ta can saman zauren wasa, kuma ba mai sake saka lambarsa har abada.

Da masaƙa ta rufe, sai Ciyaman, mai kamfanin katifa, ya sayi ƙungiyar. Abu na farko da ya yi shi ne canza mata suna zuwa sunan katifarsa. Na biyu, ya sa aka sauko da rigunan tsofaffin nan, aka maye gurbinsu da hoton wata ƙatuwar katifa, shi da kansa kwance a kanta yana murmushi. Mutanen gari ba su tsaya wahalar da bakinsu da sunan kamfani ba, suka ce 'Yan Katifa. Sunan kuwa ya bi 'yan wasan, don tun daga ranar barci suke yi a fili.

Mutum ɗaya ne ya rage yana wasa cikin waɗanda suka taɓa saka rigar Masaƙa, shi ne Kyaftin. Gwiwoyinsa biyu duk likita ya buɗe ya rufe, gemu ya fara furfura, samarin ƙungiya suna kiransa Kawu a bayan idonsa. Wannan ce kakar wasansa ta ƙarshe. Matarsa 'yar Baba Dogo ce, tauraron 'Yan Masaƙa na da, wanda rigarsa na cikin waɗanda aka sauke. Tun ranar da aka sauke ta tsohon bai sake taka zauren ba. Burin Kyaftin guda ne: kafin ya ajiye takalmi, ya ga rigar surukinsa ta koma sama, tasa a gefenta.

To, hukumar gasa tana da wata doka ta tausayi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a teburin gasa ita ake bai wa damar fara zaɓe cikin sababbin samarin da za su shigo gasa, don mai rauni ya samu abin dogara. Mutanen kirki ne suka yi dokar, shi ya sa ba su yi tunanin irin su Ciyaman ba. A shekarar akwai wani saurayi da ake ce wa Raƙumin Dawa, wanda sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa, kuma kowa na rububinsa.

Ana saura wasa ɗaya a rufe kaka, Ciyaman ya kira Koci da Kyaftin ofishinsa. Ofishin yana saman kantin katifa, ko'ina warin sabon soso. Babu kujerar baƙi, sai wata katifa da aka naɗe, wai don baƙo ya ji laushin kaya. Koci ya zauna ya nutse har gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa. Kyaftin ya tsaya, don ya san in ya zauna sai an ɗaga shi.

Ciyaman ya ce, "Mu da 'Yan Siminti ne a gindin teburi, ko ba haka ba?"

Koci ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Amma mun shirya musu. Da yardar Allah za mu fita kunya."

"Kunyar wa? Wa ya ce maka ina jin kunya? Wanda ya faɗi ranar shi zai ɗauki Raƙumin Dawa. Ni kuwa ina son yaron nan."

Kyaftin ya ce, "Yallaɓai ya taɓa ganin wasansa?"

"Me ya haɗa ni da wasansa? Tsawonsa nake so. Na sa an ɗinka katifa daidai shi. Ka hango allon a bakin titi: yaron a miƙe, ƙafa ba ta leƙo ba. Wane mai siminti ne zai iya wannan tallar? A kan buhu zai kwantar da shi?"

Koci ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Irin mutanen nan ne da in maigida ya yi atishawa sai su ce mura ta kama su.

Kyaftin ya ce, "Yallaɓai, ni ban iya faɗuwa da gangan ba."

"Haba, ƙanena! Duk kakar nan me kuke yi? Ni ban ce ku koyi sabon abu ba. Abin da kuka saba shi za ku yi, sai dai wannan karon da niyya." Ya taso ya dafa kafaɗarsa, sai da ya yi ɗage kafin hannun ya kai. "Na san abin da ke ranka. Rigunan tsofaffin nan suna nan a ajiye, na adana su kamar ƙwai. Ku faɗi wasan nan, ni kuma a ranar, a gaban jama'a, in sanar da cewa za a mayar da su sama, har da taka. Na ma gaya wa mai na'urar sauti na zaure, da an busa usur na ƙarshe ya kunna ɗan makirfon da ke wuyan rigata, kada jawabina ya yi sanyi. Amma fa in kuka ci, ko da kuskure ne, to surukinka ya ci gaba da kallon hotona."

Kyaftin bai ce e ba. Bai kuma ce a'a ba, kuma ni a wurina wannan ma laifi ne.

Ciyaman bai iya riƙe abin alfahari a cikinsa ba. Kafin Kyaftin ya isa gida, har an aika wa Baba Dogo da gayyata, ba tare da an faɗa masa sharaɗin ba. Kyaftin ya tarar da tsohon a falo, ya baje tsohuwar kwat ɗinsa a kan kujera yana kakkaɓe ta, waya maƙale a kunne yana kiran sauran tsofaffin Masaƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai Gajere, kana raye? To ka nemo haƙoranka ka saka, za a ɗauke mu hoto!" Ya juyo ya ga surukinsa. "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na san aikinka ne. Amma ku ci wasan nan fa. Ba na son a ɗaga rigata a kan faɗuwa."

Kyaftin ya ce, "To, Baba," ya wuce kicin.

Matarsa tana wanke kwanuka. Ya tura ƙofa ya faɗa mata komai da ƙaramar murya. Ta ɗauraye hannu, ta goge, ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Yanzu wannan ne ya sa ka shigo kamar an yi maka rasuwa? Baban yara, shekara nawa kana zubar da ƙwallo kyauta, ba wanda ya ce maka sannu? Yau ɗaya da zubarwar za ta yi amfani, shi ne za ka tuna kai gwani ne?"

"Ba haka ba ne. Wancan ƙoƙari na yi, bai yiwu ba."

"Mai kallo ya san bambanci ne? Ka leƙa ka ga tsohon nan. Rabon da in ji yana dariya haka tun Mama na da rai. Ka bar shi ya ga rigarsa, don Allah. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"To sai ka sani, ka yi shiru. Ai ba yau ka fara sanin abu ka yi shiru ba."

Ranar wasa da yamma zaure ya cika, don labarin riguna ya zaga gari. Tsofaffin Masaƙa suka jeru a sahun gaba da sandunansu, Baba Dogo a tsakiya cikin kwat mai warin ma'ajiya. Ciyaman ya zauna a gefen fili, makirfo a wuyan riga, yana ɗaga wa kyamara hannu.

Abin da bai lissafa ba shi ne, ba shi kaɗai Allah ya yi wa son zuciya ba. Da 'Yan Siminti suka fito, sai aka ga duk gwanayensu a benci cikin kayan gida. Wannan an ce ciwon haƙori, wancan an ce jiri. Ɗaya an naɗe masa ƙafar dama da bandeji, amma da ya tashi shan ruwa da ta hagu ya yi ɗingishi. Waɗanda aka turo fili kuwa, har da wani mai tumbi wanda kowa ya sani da ɗaukar jakunkunan ƙungiya.

Alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama don a fara. Ba wanda ya yi tsalle. Ƙwallo ta faɗo tsakanin mutum biyu, ta yi 'yan tsalle-tsallenta ita kaɗai, ta gangara waje.

Na ga wasa marar kyau a rayuwata, amma ban taɓa ganin ladabi irin na ranar ba. Ɗan Katifa zai miƙa wa ɗan Siminti ƙwallo a hannu, shi kuma ya mayar masa.

"A'a, yaya, riƙe abinka."

"Wallahi kai ne babba, wuce ka jefa."

Masu tsaro suka riƙa matsawa gefe suna nuna hanya da hannu kamar 'yan sandan kan titi. Mai tumbin nan ya samu kansa shi kaɗai a ƙarƙashin kwando, ya duba dama ya duba hagu ba mai hana shi, ya rasa yadda zai yi, sai ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Wani ɗan Katifa mai wayo ya juya ya jefa a kwandon ƙungiyarsu. Alƙali ya busa ya soke, ya ce doka ba ta ƙirga wanda aka ci kai da gangan. Ciyaman ya miƙe yana ihu, "Wace irin doka ce wannan? Mutum da kwandonsa!"

Da farko 'yan kallo sun yi ta ihun haushi. Daga baya suka gane abin da ake ciki, sai zaure ya koma gidan dariya. Wani ya ɗaga murya daga sama, "A kawo musu katifa su kwanta mana!" Wata ta ce, "A ba alƙali ƙwallon, shi kaɗai ne ke gudu!" Tsofaffin sahun gaba ne kawai ba su yi dariya ba.

Kyaftin yana cikin fili duk wannan abin. Bai miƙa wa abokin gaba ƙwallo ba, amma bai nemi kwando ba. Da ta zo hannunsa sai ya tura wa na kusa, ya kau da kai. Ko sau ɗaya bai kalli sahun gaba ba.

Duk da haka, ƙwallo takan shiga da kuskure, don ko zubarwa sai an iya. Da lokaci ya zo ƙarewa, 'Yan Siminti ne a gaba da maki ɗaya tak, suna ta kallon juna da zargi, kocinsu ya dafe kai. Ciyaman kuwa har ya fara gyara wuyan riga yana gwada murya.

Ƙwallon ƙarshe ta faɗo hannun Kyaftin can nesa da kwando. Ya ɗaga ta zai wurga inda ta ga dama, a tashi. Sai mai tumbin nan, wanda tun da aka fara bai taɓa kowa ba, ya kwaso da gudu ya rungume masa hannu, ya juya ya ce wa alƙali, "Ka gani ko? Ƙeta na yi masa! Busa!"

Alƙali ya busa, daidai lokacin da agogo ya ƙare. A doka, wanda aka yi wa ƙeta yana jifa daga nesa ana tsayar da shi a layi ya yi jifa uku, ba mai taɓa shi, kowane jifa maki ɗaya. In biyu suka shiga, 'Yan Katifa sun ci.

Kyaftin ya tsaya a layi shi kaɗai. 'Yan Siminti suka jeru suna yi masa addu'a da ƙarfi. "Kawu, natsu. Kawu, kai ne gwanin gwanaye. Ja numfashi." Kocinsa kuma yana gefe yana yi masa alama da ido har fuska ta karkace.

Ya buga ƙwallo a ƙasa, ya ɗaga, ya saki. Ta daki gefen ƙarfe ta fita. Ya zubar da ita da kyau, irin zubarwar da mai kallo zai ce tsautsayi ne. Ciyaman ya tafa sau biyu kafin ya tuna, ya mayar da tafin ya zama kakkaɓe sauro.

Sai aka ji ƙarar sanda a ƙasa. Baba Dogo ne ya miƙe. Bai yi ihu ba, amma zauren ya yi tsit har maganarsa ta kai layi.

"Ni na koya maka wannan jifan. Ba haka na koya maka ba."

Ya ɓalle maɓallin kwat, ya cire ta, ya rataya a hannu, ya juya zai fita. Sauran tsofaffin suka fara lalubar sandunansu.

Kyaftin ya karɓi ƙwallo daga hannun alƙali. Ya dubi matarsa a sahu na biyu. Ta rufe fuska da mayafi. Ya lanƙwasa gwiwoyin nan da suka daɗe da daina lanƙwasuwa, ya miƙe, ya saki. Ƙwallo ta wuce cikin raga ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Baba Dogo ya ji sautin, ya tsaya a kan matakala, bai juyo ba.

Koci ya ce, "Kyaftin, don girman Allah! Ina da iyali!"

Ta uku ma haka ta shiga.

Alƙali ya busa usur na ƙarshe. 'Yan Siminti, waɗanda aka cinye, suka ɓarke da murna, har mai bandeji ya yi tsalle da ƙafa biyu, suka ɗaga Kyaftin sama. 'Yan Katifa, waɗanda suka ci, suka tsaya cirko-cirko kamar an kama su da sata. Mai na'ura kuwa, mutum ne mai bin umarni. An ce da an busa usur ya kunna, sai ya kunna.

Ciyaman ya kutso cikin fili, takalminsa ɗaya ya saɓule, ya cafki rigar Kyaftin. Muryarsa ta fito ta kowace lasifika, ta shiga kowane talabijin da ke nuna wasan.

"Wa ya ce ka ci? Wa ya aike ka? Ban ce ku faɗi ba? Ban zaunar da ku kai da wannan sakaran kocin na ce ku faɗi ba? Ka raba ni da Raƙumin Dawa! Katifar da na ɗinka wa zai kwanta a kai, ubanka? Riga kake so a rataye? To ka ji, rigunan tsofaffin naku tuni na sa aka yayyanka su aka cusa a filo! An sayar! Je ka bi gida-gida ka nemo!"

Sai da ya ji "nemo" ta dawo masa daga bango sannan ya dubi wuyan rigarsa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, barkanku da yamma."

Baba Dogo ya sauko daga matakala a hankali. Bai ko kalli Ciyaman ba. Ya zo gaban surukinsa, ya ce, "Ta farkon fa?"

Kyaftin ya sunkuyar da kai. "Da gangan ne, Baba."

"Na sani. Ɗauko jakarka mu tafi."

Ba a rataye rigar kowa ba. Ta Baba Dogo wani yana can yana tada kai da ita bai sani ba. Ta Kyaftin tana cikin durowa a gida, matarsa ta wanke ta ninke, kuma sai da ta yi kwanaki ba ta yi masa magana mai tsawo ba, don tsohon ya mayar da kwat ma'ajiya bai sake fito da ita ba. Hukuma ta ja wa Kyaftin kunne a rubuce saboda jifan farko, kuma ya cancanta. Koci ya rasa aikinsa. 'Yan Siminti kuwa, maigidansu ya fi wayo, ya tsaya gaban kyamara yana share hawaye yana cewa faɗuwar ta yi masa ciwo, aka ba shi Raƙumin Dawa. Ban ce wannan adalci ba ne. Na faɗi abin da ya faru ne.

Shi Ciyaman bai wahalar da hukuma da neman shaida ba. An kunna masa muryarsa, ya ce ba tasa ba ce, aka sake kunnawa. An ƙwace ƙungiyar daga hannunsa, an mayar mata da sunanta na da, an sauke hotonsa daga saman zaure, an kuma haramta masa shiga kowane zauren ƙwallon kwando har ƙarshen rayuwarsa. Doguwar katifar tana nan jingine a kantinsa, ba ta shiga ɗakin kowa.